Ya Je Ya Gyara Kansa

Dunoma ya sayi maganin sanƙo a hannun Wasila ranar kasuwar Gashuwa.

Daga Nguru ya taso. A Nguru ma akwai kemis da yawa, amma masu su sun san shi, sun san ubansa. Shi ya sa ya shiga mota ya bi ta Jajimaji, ya sauka a garin da yake ganin ba mai gane shi.

Shagon ƙarami ne, a bayan tasha. Ya miƙa mata takarda. Ta karanta, ta ɗago ta dube shi, ta dubi hular da ya danna har gira.

"Na shafawa muke da shi," in ji ta. "Ƙwayar kuwa sai da takardar likita."

"Na yayana ne."

"Allah sarki. Tun yaushe ya fara zube masa?"

"Shekara bakwai."

"Ta goshi ko ta tsakiya?"

"Duka."

"To ka gaya wa yayan naka, safe da yamma, a busasshen kai. Kada ya sa rai da komai kafin wata huɗu. Ranar da ya daina kuma, abin da ya tsiro zai koma inda ya fito." Ta sa kwalbar a baƙar leda ta ƙulle. "Ka ce masa ya riƙa cire hula yana shan iska. Zafin garin nan ba na wasa ba ne."

Dunoma ba shi da yaya. Ya karɓi ledar ya fita. Sai a mota ya tuna ya bar takardar a kan kantar shagon, da lambar wayarsa a bayanta.

Shekararsa ashirin da tara. Sana'arsa wankin hula, gadon uba, a wata rumfa kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ya wanke, ya sa sitati, ya kifa kowace a kan gungumenta, ya jera a rana. Zanna da damanga na manyan garin duk ta hannunsa suke bi. Gashi ya fara barinsa yana da shekara ashirin da biyu. Da farko abin ya ci masa rai. Ya shafa tafarnuwa, ya shafa man habbatussauda, ya shafa wani baƙin abu da wani mai magani ya sayar masa a Yusufari, wanda ya ƙona masa fata. Daga baya ya daina jin komai. Ya sa hula ya rufe maganar. Da kansa yake aski, a ɗaki. In yana da yadda zai yi, ba ya alwala a gaban mutane.

Duk Nguru an san yana da sanƙo. Shi kaɗai ya ɗauka ba a sani ba.

Bayan wata ɗaya saƙo ya shigo wayarsa.

"Salam. Wasila ce ta kemis. An kawo maganin yayanka. Ka gaishe shi, ka ce ina yi masa fatan alheri."

Kwana biyu yana karantawa yana ajiyewa. A na uku ya rubuta:

"Ba ni da yaya."

Amsa ta zo kafin ya mayar da wayar aljihu.

"Na sani, Mai Hula."

Haka aka fara. Ita ta matsa masa ya je asibiti ya ga likita, aka rubuta masa ƙwayar, ɗaya a rana. Ita take tuna masa da safe. Bayan wata huɗu zubar ta tsaya, ɗan gashi mai laushi ya fito a tsakiyar kai. Goshin kuwa yana nan yadda yake, fili. Ya gaya mata ta waya. Ta ce madalla. Ya ce ba madalla ba ne, rabi ne. Ta ce rabin ma a gode.

Ya koma zuwa Gashuwa duk Juma'a, bayan la'asar. Sukan zauna a ƙofar gida, ita a kan tabarma, shi a kan benci. Ba mai yawan magana ba ne. Ita ce mai yi.

"Mai Hula."

"Na'am, Likita."

"Wai ko barci da ita kake yi?"

"Wani lokaci."

"In an ɗaura mana aure, mu uku za mu tare kenan. Ni da kai da ita."

Ya yi ɗan murmushi. Ta ce ya ɗaga mata ko da gefe ɗaya, ta ga aikin maganinta. Ya ce wata rana. Ta ce ita ba gashi ta zo nema a duniya ba, nata ma ya ishe ta wahala, duk sati biyu tana ƙarƙashin hannun mai kitso. Ya ce ya ji. Bai ɗaga ba.

Da ya koma Nguru ya rubuta mata:

"Likitata, na iso lafiya. Ban iya magana ba, kin sani. Amma tun da nake, ba inda nake zama in manta da kaina sai ƙofar gidanku."

Ta mayar:

"Ni ma ban taɓa jiran Juma'a haka ba. Ka sha ƙwayarka. Ka yi addu'a. Taka, Wasila."

Akwai wani mai neman ta, Bobboi, dillalin shanu, mai bin kasuwanni daga Dapchi zuwa Nguru. Dogo ne, ga gashi baƙi wuluk mai cika kai, kuma ya san da shi. Hulunansa ma a rumfar Dunoma ake wanke su. Wasila ta gaya wa Bobboi tun farko ba ta yi. Bai fasa ba, ya tura manyansa wajen ubanta.

Uban shi ne Goni Ibram. Ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka. Da damina yana noman shinkafa a fadama, da rani albasa da tattasai. Ya saurari mutanen Bobboi, ya ce zai tambayi yarinya. Ya tambaye ta, ta faɗi sunan Dunoma. Ya ce a kira shi.

Dunoma ya zo da sabuwar shadda. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a zaure.

"Wushe," in ji Goni, ya gaishe shi da Barbarci. "Ɗan wa?"

Ya faɗa. Goni ya san uban, ya yi masa addu'ar rahama. Ya tambayi sana'a, ya tambayi karatu. Duk ya gyaɗa kai. Ana haka aka kira la'asar. Goni da alwalarsa. Ya tura wa baƙo buta, ya ci gaba da jan carbi.

Dunoma ya tsuguna a bakin zaure. Ga mutanen unguwa suna wucewa masallaci. Ya wanke hannu, ya wanke fuska, ya wanke damtse. Da ya zo shafar kai, sai ya jiƙa yatsu ya cusa su ƙarƙashin hula ta goshi, ya zaro, ya wuce kunne. Haka ya saba in ya rasa mafaka.

Goni ya gani. Suka yi salla, suka yi sallama.

Dunoma yana tasha yana jiran mota ta cika, saƙo ya shigo.

"Mai Hula, Baba ya ce ka je ka gyara kanka, sannan ka dawo. Iyakar abin da ya ce kenan. Ban san abin da ya gani ba. Kada ranka ya ɓaci, zan bincika."

Ya karanta sau ɗaya. Hannunsa ya tafi kan hula da kansa.

Bobboi yana tashar, yana jiran motar Dapchi. Ya ga fuskarsa ya gane ba a dace ba. Ya matso ya ba shi hannu, ya cire tasa hular yana fifita da ita, yana sosa gashi a hankali.

"Malam Dunoma, an gaida Goni? Tsohon nan idonsa kaifi gare shi. Ko ta cikin hula yana gani." Ya yi dariya. "Ranar kasuwa zan aiko da guda uku. A sa sitati da kyau."

Da Dunoma ya koma ya tambayi Goni, da an gaya masa. Bai koma ba. A ganinsa maganar a fili take. An ce kai, kuma shi kai ɗaya yake da shi.

Ya daɗe da sanin ana dashen gashi. Ya sha kallo a waya, ya kashe. Wannan karon bai kashe ba. Ya sayar da fegin da ubansa ya bar masa a hanyar Machina. Bai yi shawara da kowa ba. Ya rubuta wa Wasila:

"Na ji saƙon Baba. Zan yi tafiya. In na dawo za ki gani."

"Tafiya ina? Don Allah ka kira ni."

Bai kira ba.

A Abuja, a wani asibitin kuɗi, likita ya ce ya cire hula. Ya cire. Ban da likitan da ya rubuta masa ƙwaya, shekara bakwai rabon da wani ya ga kan a fili. Likitan ya duba kamar mai duba buhun gero, ya taɓa ƙeya ya ce nan akwai iri mai kyau, gashin ƙeya ba ya zuba. Ya ɗauki alƙalami.

"A ina kake son layin ya tsaya?"

"Inda Allah ya ajiye shi da farko."

Washegari aka aske shi ƙwal. Allurar kashe zafi ce kaɗai ta yi ciwo. Daga nan kan ya zama kamar na wani. Ya kwanta rub da ciki, yana jin ƙarar na'ura tana cire saiwar gashi ɗaya ɗaya daga ƙeyarsa. Aka juya shi, aka huda goshi da tsakiya, mata biyu suka zauna suna dasawa da ɗan hantsaki, suna hirar tsadar shinkafa a kansa. Tun hantsi har la'asar sakaliya. Bai ji tsoro ba, bai ji murna ba. Ya kalli silin.

Aka ba shi doka. Kwana goma ba hula. Ba shiga rana. Barci a kishingiɗe. Kada goshi ya taɓa ƙasa a 'yan kwanakin farko, ya yi sujada da ishara. Ya ci gaba da shan ƙwaya, don kada tsohon gashin ya gudu ya bar sabon. Likitan ya ƙara da cewa gashin da aka dasa zai zube bayan 'yan makonni, kada ya damu. Dunoma ya ji da kunne kawai.

Ya dawo Nguru ya kulle kansa a ɗaki, ya ce zazzaɓi ne. Goshi ya kumbura ya sace. Ɓawon ciwo ya bushe ya kakkaɓe. A rana ta sha biyu ya tsaya gaban madubi, ya ga layin gashi gajere, baƙi, daidai inda yake da can. Ya ɗauki hoto. Ya ce bari ya ƙara tsawo tukuna kafin ta gani.

A mako na uku ya tashi ya ga gashi a kan matashi. A na huɗu ya shafa kai da ruwa, ya duba tafin hannunsa, ya ga sauran. Kan ya koma fili, ga ja, ga ɗigo-ɗigo a ƙeya. Ya fi da muni. Ya kira likita, likita ya ce ai na gaya maka, haka yake yi, ka ba shi wata uku zuwa huɗu. Dunoma ya ce to. Shekara bakwai yana jin masu magani suna cewa a ƙara haƙuri.

Ya sa yatsa ya danna tsakiyar kan. Bai ji ba. Ya mintsina. Bai ji ba. Ya mayar da hula, ya koma rumfa.

Saƙonninta suna shigowa, yana karantawa.

"Mai Hula, yau kwana ashirin. Ko 'lafiya' ce ka rubuto."

"Mutanen Bobboi sun dawo. Baba ya ce ba zai ba ni wanda ba na so ba. Amma ya ce in ba ka zo ba zuwa ƙarshen wata, kada a sake kawo masa sunanka a gidansa."

"In ka fasa ne ka gaya mini da bakinka. Zan iya ɗauka. Shirun ne ba zan iya ba."

Ya wanke hula, ya sa sitati, ya kifa a gungume. Ya wanke wata. Yana cin abinci in an kawo. In ba a kawo ba, ba ya nema.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, ranar kasuwar Nguru, mata biyu suka tsaya a bakin rumfa. Wasila ce, ta rame. Tare da ita wata tsohuwa gajera mai lafaya, da sanda. Gwaggo Yakaka ce, yayar Goni, ita kaɗai a duniya take iya tambayarsa me yake nufi.

"Kai ne Dunoma?"

"Ni ne, Gwaggo. Sannu da hanya." Ya durƙusa.

"Ajiye sannunka. Kai ne ka sa 'yata ta daina cin tuwo? An ce maka gyara, sai ka shige rami kamar gafiya?"

"Na gwada, Gwaggo. Bai yiwu ba."

"Me ne bai yiwu ba? Alwala? Ƙato da kai, har da gemu?"

Dunoma ya ɗago.

"Na tsare Ibram jiya," in ji Gwaggo. "Ya ce a gabansa ka cusa yatsa biyu ƙarƙashin hula kamar mai satar goro, ka ce ka yi shafar kai. Ya ce shafar kai farilla ce, daga goshi zuwa ƙeya, gaba ɗaya. Ya ce mutumin da ya fi jin kunyar masu wucewa a kan kunyar Ubangijinsa, ya je ya gyara halinsa kafin ya zo neman 'yar mutane. Magana ta kwana ɗaya ka mai da ita wata biyu."

"Halina?"

"To da me?"

"Ya ce in gyara kaina."

Wasila ta dube shi. Ta dubi hular. Ta kai hannu baki a hankali.

"Mai Hula," in ji ta, "me ka je ka yi?"

Rumfar a bakin hanya take, kasuwa ta cika. Ya tsaya jim. Sannan ya cire hular ya ajiye a kan benci.

Gwaggo ta matso, ta miƙa wuya, ta zagaya ta duba ƙeya.

"Innalillahi. Kaji ne suka tsattsage ka?"

"Dashe ne, Gwaggo. A Abuja."

"Dashe? Kan naka fadama ce?" Ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. "Da zafi?"

"Ba na ji."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Wasila ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi kwana nawa da yi, ya faɗa. Ta tambaya ko yana shan ƙwaya, ya ce ya daina tun da gashin ya zube. Ta ce yau zai koma sha. Ta tambaya da me ya biya. Ya ce fegin Baba. Ta rufe ido ta buɗe.

"Ni na rubuta maka saƙon," in ji ta. "Daga bakinsa na kwafa. Ban yi tunani ba."

"Ba laifinki ba ne."

"Na sani. Naka ne. Ina kemis, ina riƙe da waya dare da rana, ba ka tambaye ni ba."

Ta ɗauki hular daga kan benci ta sa a jakarta.

"Juma'a ka zo Gashuwa."

"Ba ni hular."

"Ka zo ka karɓa."

"Likita, ga huluna nan sun fi ɗari."

"Na mutane ne. In kuma ka sa wata ta gida, kada ka zo."

Gwaggo ta riga ta yi gaba tana cewa ita dai a kai ta layin masu kifi, tun da an wahalar da ita har Nguru.

Ranar Juma'a ya fito kai ba hula, da lema a hannu saboda rana. Mai shayin ƙofar gida ya gaishe shi kamar kullum. Direba ya ce ya matsa ciki. Wata mata a mota ta dubi kan, ta koma kan gyaɗarta. Har Jajimaji yana jiran wani ya ce wani abu. Ba wanda ya ce.

Sai a tashar Gashuwa ya haɗu da Bobboi. Bobboi ya tsaya, ya buɗe baki, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam Dunoma! Wa ya yi maka ɓarna a gona?"

"Hulunanka sun bushe," in ji Dunoma. "Ka aiko a karɓa."

Ya wuce.

Goni yana zaure a kan buzu. Dunoma ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi. Goni ya amsa, idonsa a kan kan. Ya daɗe yana kallo.

"Yakaka ta gaya mini. Matso."

Ya matsa.

"Irin na wa ne? Na ji ana cewa gashin matattu suke sa wa mutane."

"Nawa ne, Baba. Daga ƙeya aka cire."

"Ba na wani ba?"

"Na wani ba ya kamawa."

"To ba ƙarin gashi ba ne. Naka aka ɗauke daga nan aka kai nan." Ya sunkuyo ya ƙara dubawa. "Kwana nawa?"

"Arba'in da biyu. Ya fito, ya zube. Ina ganin ya mutu."

"Ka taɓa dasa albasa?"

"A'a."

"Shi ya sa. Ganyen da ka cire ta da shi, ba shi ne zai rayu ba. Yakan kwanta ya bushe. Wanda bai sani ba sai ya ce ya yi asara, ya kama tono yana dubawa, ya kashe ta. Saiwa tana ƙasa tana aikinta. Ka bar shi, ka daina taɓawa."

"To, Baba."

"Amma ni ban aike ka Abuja ba."

"Na gane yanzu."

"Fegin ubanka ya tafi saboda ba ka iya cewa 'Baba me kake nufi' ba. Wannan ma girman kai ne. Ka sani?"

"Na sani."

Aka kira la'asar. Goni ya ja buta biyu, ya tura masa ɗaya. Suka fita bakin zaure suka tsuguna, mutane suna wucewa. Goni ya warware rawani, ya cire hula, ya ɗora a gwiwa.

Kansa ba gashi ko ɗaya. Sumul, yana ƙyalli, tun daga goshi har wuya.

"Tun ina da shekara ashirin da biyar," in ji shi, bai dubi Dunoma ba. "Uwar Wasila a haka ta same ni. Yi alwalarka."

Dunoma ya jiƙa tafuka biyu. Ya ɗora a goshi ya kai ƙeya, ya dawo da su. Fatar ba ta ji ruwan ba. Sai da ya gangaro bayan kunne ya ji sanyinsa.

Bayan salla Goni ya ce ya turo manyansa. Ya ce hula ado ce, ya sa abarsa in zai fita, amma in ruwa ya zo ta ba shi wuri.

Dunoma ya rubuta mata daga tasha:

"Ya ce in turo."

"Alhamdulillah. Na ji ta bayan ƙyaure. Ka sha ƙwayarka, angona."

"Hulata fa?"

"Tana gaishe ka."

Aka sa biki bayan an kwashe albasa. Wata huɗu kenan. A wata na uku wani abu ya fara fitowa a goshinsa, siriri kamar gashin jariri, wani wuri da kauri, wani wuri tsilli-tsilli. Bai ɗauki hoto ba. Likita ya ce sai shekara ta zagayo za a ga iyakarsa, kuma tsakiyar kan mai yiwuwa ta nemi a koma karo na biyu. Dunoma ya ce ba sauran fegi.

Ranar wanke kan amarya, Gwaggo Yakaka ce ta riƙe ƙwarya. Tana cuɗa gashin Wasila tana gaya wa mata cewa bana gidan Ibram an yi sa'a, an samu suruki da gona a ka, in yunwa ta zo ba sai an je fadama ba. Mata suka yi ta guɗa.

Aka ɗaura aure ranar Asabar a ƙofar gidan Goni. Shi ya yi addu'a da kansa, gajera. Allah ya ba su zaman lafiya. Allah ya ba su zuriya mai salla. Allah ya sa in ɗaya bai gane maganar ɗaya ba, ya buɗe baki ya tambaya. Jama'a suka shafa. Ango yana tsaye da sabuwar zanna, ana ba shi hannu yana karɓa. Bobboi ma ya zo, ya ba shi hannu, ya ce Allah ya sa alheri.

Aka kai amarya Nguru.

Da gari ya waye Dunoma ya dawo daga masallaci, ya rataye zannar a ƙusa, ya zauna a bakin gado. Haske ya shigo ta taga sosai. Wasila ta kawo kunu ta ajiye. Ta tsaya a kansa tana dubawa. Hannunsa ya tafi wajen ƙusar da kansa, ta riga shi. Ta buɗe akwatinta, ta sa zannar a kan tsohuwar hular da ke kwance a ciki, ta rufe, ta zauna a kai.

Ta miƙa hannu ta ɗora a tsakiyar kansa.

"Kana ji?"

Ya saurara.

"A nan, a'a."

Ta matsar da tafin zuwa goshi, inda sabon gashin yake.

"Nan fa?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ɗin ya isa na yau."

Ya zauna a haka. Ba ta ɗauke hannun ba. Can ya dubi tagar, ya dubi akwatin.

"Likita, haske ya yi yawa. Ba ni hulata."

"A waje ka sa. A nan ɗakina ne."

"Wasila. Ba ni."

"Ba zan bayar ba."